'Ya'ya Mata a Ƙasar Gobir Ƙarƙashin Mulkin Daji

Tun wajen shekarar 2019, sa'ad da fitinar ɓarayin daji ta ƙetaro daga Zamfara ta yi kaka-gida a ƙasar Isa da Sabon Birni, abin da jaridu da gidajen rediyo suka fi ƙidayawa shi ne gawa da shanu da kuɗin fansa. Sun ƙidaya mutum fiye da 70 da aka kashe a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu cikin watan Mayun 2020, sun ba da labarin matafiyan da aka ƙone cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disamban 2021, sun kuma bi diddigin Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tun daga sace shi har zuwa Agustan 2024 da aka tabbatar da kisansa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Amma akwai wata hasara da alƙalami bai cika tsayawa kanta ba, domin ba ta da ranar aukuwa balle makara, ita ce ƙuruciyar ɗiya mace da ta buɗe ido ta tarar mai bindiga ne hakimin garinsu.

Mai karatu na birni yakan ɗauka cewa waɗannan mutane hari suke kawowa su koma, alhali kuwa a ƙauyuka masu yawa sun wuce nan, sun zama hukuma. Su ke yanka wa gari haraji kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin a girbe gero; su ke kiran magidanta su yi musu noma ba lada; har a ƙarshen 2021 aka ji labarin yaran Bello Turji, ɗaya daga cikin jagororinsu, sun tuɓe masu gari sun naɗa nasu a wurare irin su Gangara. Bayan man fetur da abinci, cikin kayan da ake yi musu safara har da ƙwayoyin bugarwa irin su tiramadol, kuma yaron da ya haɗa ƙwaya da bindiga, ba kunyar tsoho gare shi ba, ba tausayin yarinya. Malaman fiƙihu suna kiran wannan aiki hiraba, kotun tarayya kuwa a Nuwamban 2021 ta ayyana masu yinsa 'yan ta'adda, amma sunan bai rage wa ƙauye ko sisi daga abin da aka yanka masa ba.

To, a duba yadda 'yar ƙauye ke tashi a ƙasar Hausa. Da safe makarantar allo, da hantsi talla, wadda da ribarta uwa ke tara mata kayan ɗaki kwano bayan kwano. Da la'asar rijiya ko itace tare da tsaranta. Idan farin wata ya fito kuma, sai dandali da gaɗa, inda take koyon waƙa da magana da sanin mutane. Duk waɗannan a waje ake yinsu, waje kuwa shi ne abin da ya haramta gare ta yanzu, domin hanyar kasuwa da bakin fadama da gindin itace nan ne ake ɗauke mutum. A wasu garuruwan ma, da zarar an yi sallar magariba, sai uwa ta tasa 'ya'yanta mata gaba, su tafi su kwana cikin gona ko su taka zuwa babban gari, da asuba su dawo. Makarantar boko kuwa, bayan an kwashe 'yan mata 279 daga Jangebe ta Zamfara a Fabrairun 2021, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana na kan iyaka, malaman firamare na karkara da dama suka daina zuwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Yarinyar da take da shekara shida lokacin da fitinar ta soma, yau ta kai munzalin da ake maganar aurenta ba ta taɓa gama aji guda cikin natsuwa ba.

Nan ne uba ke shiga tsaka mai wuya. An ba da labarin cewa a duwatsun Gerero ta ƙasar Meziko, inda 'yan safarar ƙwaya ke iko, uwaye kan aske wa 'ya'yansu mata kai, su haƙa musu ramin ɓuya. Uban Gobir shi kuwa mafakar da ya sani ita ce aure, sai ya gaggauta ɗaura shi, da ɗan sadaki kaɗan, ba lefe ba gara, ga duk wanda zai fitar da ita daga garin. Wani lokaci kuma ɗan bindigar ne da kansa ke aiko da neman, kuma kowa ya san walicci da bakin bindiga ikirahi ne, ko da an raba goro an shafa fatiha.

Mafi ɗacin al'amarin shi ne halin wadda aka ɗauke ta kuma dawo. Iyaye sun sayar da gona da bisashe sun fanshe ta, ta iso da rama da firgita, wata da juna biyu, sa'an nan sai ta tarar da hukunci na biyu a bakin mutanen gari: saurayi ya janye, tsara suna raɗa, a wurin biki ana nuna ta da baki. Wannan kuwa jahilci ne tsantsa, ba shi da madogara a shari'a. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, wadda aka tilasta ba haddi a kanta ba zunubi, hasali ma ita ke bin wanda ya zalunce ta sadakin irinta, bayan hukuncin da ke wuyansa; idan ta yi istibra'i, aurenta halal ne kamar na kowace budurwa ko bazawara. Abin mamaki, waɗannan mas'aloli suna nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, amma da wuya ka ji an hau mumbari an bayyana su ga talakawa.

Waɗanda suka gudu ma ba su tsira duka ba. Dubbai sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, inda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori; wasu sun watsu cikin Sakkwato da Goronyo, 'yan matansu suna bara ko aikatau a gidajen da ba mai tambayar asalinsu.

A cikin ƙasar Sabon Birni kufan Alƙalawa yake, birnin da ya faɗi a 1808, kuma daular da ta gaje shi ita ce ta Shehu Usmanu, wanda ya zargi malamai cikin littafinsa Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, wanda kuma 'yarsa Nana Asma'u ta aika jajinta, wato ɗalibanta mata, ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Jihar da ke taƙama da wannan gado, ta kuma sa hannu kan dokar kare yara a 2021, ba ta da hanzarin jiran ƙarshen yaƙi kafin ta waiwayi waɗannan yara. A buɗe musu azuzuwa a garin Isa da Sabon Birni da duk inda suka yi hijira, a tanadi ma'aikatan asibiti mata da za su duba wadda ta dawo daga daji cikin sirri. Limaman Juma'a kuwa, muna roƙonku ku faɗa wa jama'a a fili cewa wadda aka sace ba ta da laifi.