Yaran Karatun Gida Sun Ziyarci Gonar Gawo

A ƙasar Maradi akwai yara waɗanda iyayensu ke karantar da su a zaure, ba su zuwa lakwal. Wata rana da bazara wani dattijo ya tattara nasa da na maƙwabta, ya kai su gonar wani manomi, domin su ga yadda ake cin amfanin ƙasa ba tare da an kashe ta ba.

Da isarsu manomin ya tsai da su a gindin gawo, ya ce, "'Ya'yana, itacen nan ya saɓa wa 'yan'uwansa. Da damina yakan zubar da ganye, ganyen ya zama taki, inuwarsa ba ta danne gero. Da rani kuwa sai ya yi kore, awaki su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa." Saboda wannan fa'ida ce sarakunan Damagaram na da suka hana sare shi.

Sa'an nan ya kai su ga wani kututturen kalgo. Wani yaro ya ce, "Baba, ai wannan matacce ne." Ya ce, "A'a, saiwarsa tana nan da rai." Ya nuna musu yadda ake zaɓen tsiro uku ko huɗu masu ƙarfi, a sassabe sauran, har su zama itace. Wannan shi ake kira sassabin zamani. Wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya soma yaɗa shi a Maradi cikin 1983, da yunwar 1984 ta auku manoma suka karɓa da yawa. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo a Nijar ta kai hekta miliyan 5.

Turawa suna da irin wannan ilmi, suna ce masa famakalca, watau noma mai ɗorewa. Bill Mollison da David Holmgren ne suka wallafa littafinsa na farko a 1978. Manufarsa kowane abu a gona ya taimaki ɗan'uwansa: wake ya ƙara wa gero ƙarfin ƙasa, kara ya tare iska, dabba ta ba da taki.

Da almuru suka koma gida. Ƙaraminsu ya roƙi mahaifinsa kada a ƙone kututturan gonarsu bana. Lalle gani ya kori ji.