Raunin da Ba Ya Jini a Masana'antun Kano

A watan Yunin 2020, 'yan sanda suka shiga kamfanin shinkafa na Popular Farms da ke Challawa, suka fito da ma'aikata sama da 100 da suka ce an hana su fita tun ƙarshen Maris, lokacin kullen korona. A cewar ma'aikatan, an gaya musu duk wanda ya ƙi zama, to a bakin aikinsa. Wannan magana ta riga kwaɗon ƙofa ɗaure su.

Wancan zaluncin ya fito fili ne don akwai ƙofar da aka rufe. Wanda ake yi kullum kuwa ba ya barin shaida. Tun da masaƙu da sauran masana'antun Bompai da Sharada suka fara durƙushewa saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje, masu neman aiki suka fi aikin yawa. Je ka bakin get da sanyin safiya ka ga samari a tsaitsaye, kowa na jiran a nuna shi da yatsa. Na ciki ya san suna nan. Saboda haka idan oga ya ce masa, "In ba za ka iya ba, ga wasu can a waje," ba ya buƙatar ɗaga hannu. A zage shi gaban yaran da ya haifi kamarsu, a yanke masa kuɗin yini kan laifin inji, a yi masa alkawari yau, gobe a ce shi ne bai ji da kyau ba. Ba duk kamfani ne haka ba, akwai masu mutunta ma'aikatansu, amma inda hakan ya zama al'ada, ɓarnar tana da zurfi.

Jikin ɗan Adam ba ya bambanta tsoron duka da tsoron tozarci. Duk lokacin da aka razana mutum, jiki kan saki sinadaran shirin gudu ko faɗa: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, jijiyoyi su ɗaure. An halicci wannan don hatsarin ɗan lokaci. Idan ya zama na kowace rana, wata da watanni, sai barci ya ƙaurace, kai ya riƙa sarawa, ciki ya ƙi abinci, hawan jini ya samu ƙofa. Daga nan ciwon damuwa da fargaba ke shigowa. Mutumin da hankalinsa ya rabu kuma, a gaban injin da ke yanka ko tukunyar sinadarin jima, yatsunsa ma suna cikin hatsari.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hali ke sauyawa. Mai raha ya koma shiru-shiru. Wanda a da yake iya cewa "wannan ba daidai ba ne" ya koma ba da haƙuri tun kafin a ce ya yi laifi. Bayan an daɗe ana kiransa dolo, sai ya fara yarda, ya daina neman wani aikin don yana ganin ba mai ɗaukarsa. Wani kuma fushin da ya haɗiye a Sharada a gida yake amayar da shi: yaro ya zubar da koko, tsawar da za a yi masa ta sufabaiza ce. Matar gida ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" ya ce ba komai. 'Yan uwa su ce sammu ne, abokai su ce girman kai ya shige shi. Wasu samarin sukan fake da tiramol don su iya jure aikin dare, su ƙara wa kansu wata cutar.

Mu kuwa maganarmu ɗaya ce: "Ka yi haƙuri, neman halak ne." Haƙuri ado ne, amma ba ya warkar da rashin barcin wata uku. Wannan aikin likita ne, kuma akwai likitoci a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Doka ma ta san da zancen. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta lissafa cutar da tunani cikin cin zarafi a wurin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya kan matsin tunani idan likita ya tabbatar aikin ne sanadi. Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, amma leburan da ake ɗauka a bakin get a biya shi a hannu, ko da ya je Kotun Ma'aikata, da wace takarda zai nuna ya taɓa aiki a wurin?