Gona Ce Ta Kai Shi Majalisa: Rayuwar Thomas Coke na Norfolk

A Ingila ta ƙarni na 18, wanda ba shi da ƙasa ba shi da bakin magana a majalisa. Dokar 1711 ta ce duk mai neman wakiltar gunduma sai gonakinsa suna kawo masa aƙalla fam 600 a shekara. Ba a biyan ɗan majalisa ko sisi, kuma haka aka ci gaba har 1911. Mai jefa ƙuri'a a gunduma shi ma sai ya mallaki filin da ke kawo sule 40 a shekara, sannan a bainar jama'a zai faɗi wanda ya zaɓa. Wanda yake neman alfarma a wurin mai gonaki kuwa ya san sunan da zai ambata.

Cikin wannan tsari Thomas William Coke ya taso. An haife shi a 1754. Da mahaifinsa ya rasu a 1776, ya gaji gidan Holkham da ke gundumar Norfolk tare da fili mai faɗin eka kusan 30,000, kuma a shekarar ya hau kujerar da uban ya bari a majalisa, bai wuce shekara 22 ba. In aka cire shekarun 1784 zuwa 1790, yana majalisa har 1832.

Ɗan jam'iyyar Whig ne, aminin jigonta Charles James Fox, kuma bai ɓoye goyon bayansa ga Amurkawa ba sa'ad da suke yaƙin neman 'yanci. A 1782 shi ya kai wa Sarki George na Uku saƙon majalisa na neman a daina yaƙin. Maimakon kayan fada, sai ya bayyana da wandon fata da takalman hawa, kamar wanda ya sauko daga doki a bakin gona. Al'ada ta ba wakilin gunduma wannan dama, amma fadawa sun ɗauke ta cin fuska.

Sunansa dai a gona ya fi fita. Ƙasar arewacin Norfolk jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Coke ya matsa wa masu hayar gonakinsa su riƙa haƙo yumɓu mai alli suna barbaɗawa, su kuma daina maimaita hatsi a wuri ɗaya. Bana alkama, baɗi wata saiwa da dabbobi ke ci, sai sha'ir, sai ciyawar da ke mayar wa ƙasa ƙarfinta. Saiwar da ciyawar suna ciyar da tumaki da shanu a lokacin hunturu, takinsu kuma ya koma gona. Ya kawo tumakin Southdown da shanun Devon. Ya riƙa ba manoma haya ta shekara 21, domin mutum ba ya zuba dukiyarsa a gonar da za a iya ƙwacewa gobe. Kowace shekara a lokacin sausayar tumaki yakan tara manoma da baƙi daga nesa a Holkham, a zaga gonaki, a gwada garemani da iri, a ci a sha, a yi muhawara. An yi ta wannan taro har 1821.

Masu tarihi na baya-bayan nan sun rage wa labarin gishiri. Juya amfanin gona ya riga shi a Norfolk, kuma kuɗin hayar da yake karɓa ninki biyu ya yi cikin shekara 40, ba ninki tara ko goma ba kamar yadda masu yabonsa suka baza. Gwanintarsa ita ce yaɗa abin da ya ga yana aiki.

A 1815 aka ga inda sassaucinsa ya tsaya. Majalisa ta kafa dokar da ta hana shigo da hatsi mai araha daga waje, Coke kuwa ya mara mata baya, don tsadar alkama ita ce ribar mai gona. Talakawan birnin Norwich, waɗanda burodi ya gagara, suka far masa da jifa har sai da ya nemi mafaka. Mutumin da ya tsaya wa 'yancin Amurkawa, ya kuma goyi bayan gyaran dokar zaɓe ta 1832, bai yarda a taɓa farashin hatsinsa ba.

Sarauniya Victoria ta naɗa shi sarautar Leicester a 1837, ya rasu a 1842 yana da shekara 88. Bayan shekara huɗu aka soke dokar hatsin, a 1858 aka cire sharaɗin mallakar ƙasa ga ɗan majalisa, a 1872 kuma aka fara ƙuri'ar sirri. Daga nan ikon masu gonaki a kan majalisa ya fara zamewa, masu masana'antu da mutanen birane suka shigo neman nasu kason.