Me Ka Gani Ta Tagar Mota? Gyaran Amsa A Jarrabawar Turancin Baka

Kowane ƙarshen zango motoci sukan cika bakin ƙofar makaranta, ɗalibai su watse zuwa garuruwansu, waɗansu tafiyar awa guda, waɗansu kuwa yini cur. Da aka komo daga hutun da ya wuce, mu malaman sashen Turanci muka yi wa 'yan aji shida tambaya ɗaya da Turanci, muka ce kowa ya amsa da baki: me ka gani ta tagar mota? Kusan kowa ya ce, "It was very beautiful," sa'an nan ya yi tsit. Yaran nan kuwa ba daƙiƙai ba ne. Cikinsu har da masu cika shafi biyu da rubutu ba tare da kuskuren kirki ba.

Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Takardar da hukumar WAEC take kira jarrabawar baka a Nijeriya da fensir ake yin ta, a zaɓi amsa a shafe, ɗalibi ya ci ba tare da ya buɗe baki ba. Amma wanda zai nemi karatu ko aikin jinya a Ingila, ko Kanada, ko Ostareliya, sau da yawa sai ya zauna jarrabawar IELTS, wadda aka soma a 1989. A can mutum ne zai zauna a gabanka, ku yi magana ta minti 11 zuwa 14, ana ɗaukar muryarka. Maki daga 0 ne zuwa 9, hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila kuwa 7 take nema a magana. Kuɗin jarrabawar ba kaɗan ba ne, wanda ya gaza kuma sai iyayensa sun sake biya. Tambaya a kan tafiye-tafiye da abin da ido yake gani a hanya tana cikin waɗanda ake yawan yi, don ana ɗauka kowa ya taɓa yin tafiya.

Abin da muka lura shi ne, ba ƙarancin Turanci ne ya fara kashe amsar ba. Rashin kallo ne. Ɗalibi ya bi hanya sau ashirin, amma bai taɓa tsayar da idonsa a kan abu ɗaya ba, balle ya nemi sunansa. Da aka tambaye shi sai ya laluba ƙwaƙwalwarsa, bai tarar da kome ba sai "kyau". Kalmar nan kuwa ba ta nuna wa mai saurare kome. Dutse yana da kyau, kogi yana da kyau, amarya ma tana da kyau.

Saboda haka ku zaɓi wuri ɗaya da kuka sani da idonku. Alal misali, mai zuwa Jos daga wajen Akwanga dole ya hau Hawan Kibo. Hanya tana ta lanƙwasa, manyan motoci suna jan ciki kamar za su koma da baya, iska tana ƙara sanyi, gama Jos tana bisan teku da kimanin mita 1,200. Mai bin hanyar Kaduna zuwa Abuja zai ga Dutsen Zuma kusa da Madalla, shi ne wanda yake jikin takardar naira 100 tun 1999, da wani abu kamar fuskar mutum a gefensa. Mai zuwa Kano daga Zariya zai ratsa fadamun shinkafa na Kadawa, waɗanda ruwan madatsar Tiga yake shayarwa, kore shar ko da rani. Wanda ya haye gadar Makurɗi ya ga Binuwai, da masunta cikin kwalekwale. Kowane ɗayan waɗannan ya isa amsa.

Idan kun sami wurin, ku faɗi lokacin da kuka bi ta can, da abin da kuka gani, da abin da ya sa bai fita ranku ba. Ga yadda wata ɗaliba ta gyara tata bayan mun yi ta maimaitawa: "We climbed Hawan Kibo just after the rain. The lorries were crawling and there was mist on the rocks. I remember it because I had to borrow my brother's sweater." Ku duba, babu kalma mai wuya ko ɗaya a ciki. Amma duk wanda ya ji ya ga wurin, har ya ji sanyin. Rigar sanyin da ta ara wurin ɗan'uwanta ita ce ta sa amsar ta zama tata, ba ta littafi ba.

A nan ne muke so mu ja kunnenku game da hadda. Akwai amsoshi shiryayyu da ake yawo da su a intanet, cike da dusar ƙanƙara da tsaunukan Suwizalan. Masu jarrabawa an horar da su su gane amsar da aka haddace, kuma ba sa ba ta maki. Ko murya ma takan tona asiri, don mai hadda yakan yi gudu kamar mai tsoron kada abin ya zube. Tambaya ta biyu kuma sai ta kama shi. Ba gaskiyar labarinka ake aunawa ba, Turancinka ake aunawa, amma mutum ya fi sakin baki a kan abin da ya sani. In ma kai kullum a tsakiya ake cusa ka, tsakanin buhu da kwando, ba ka ganin kome sai ƙeyar direba, faɗi haka. Amsa ce mai kyau, za ta kuma ba ka abin faɗi.

To, in kalmar ta ɓace fa? Wani ɗalibi ya so ya yi maganar gawo, itacen nan da yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani sa'ad da sauran suka bushe. Bai san sunansa da Turanci ba, sai ya daina magana. Da ya ce wani itace ne mai ƙaya wanda yake yin akasin sauran itatuwa, da ya ci riba, gama iya kewayawa a bayyana abu idan sunansa ya ƙi zuwa yana cikin abin da ake ba maki. Abubuwa huɗu ake dubawa: sakin baki da haɗuwar zance, yawan kalmomi, nahawu, da lafazi. Shiru mai tsawo na farkon yake ɓatawa.

Tsawon amsa ya dangana ga sashen da kuke. A na farko jimla biyu ko uku sun isa. A na biyu za a ba ku kati da fensir da takarda, da minti 1 na shiri, sa'an nan ku yi magana har minti 2. Kada ku ɓata mintin nan wajen rubuta jimloli. Ku rubuta kalmomi biyar ko shida bisa jerin tafiyar, daga tasha har isowa. A na uku za a fita daga labarinku a nemi ra'ayi, kamar ko ya kamata a hana fasa duwatsu domin gini.

Wajen nahawu kurakurai biyu muke ji kullum. Kalmar "scenery" ba ta da jam'i, don haka babu "sceneries", harafin c ɗinta kuma ba a furta shi. Na biyu, ɗalibi yakan soma labari da "we went", kafin jimla ta uku ya koma "we see". In tafiyar ta wuce, ta wuce har ƙarshe.

Lafazi kuwa, ba wanda ya ce sai kun yi magana kamar mutumin Landan. A dai gane ku ba da wahala ba. Amma Hausa ba ta da p, ba ta da v, nan ne muke tuntuɓe. "View" takan fito kamar biyu, "palm" ta zama "farm", mai saurare ya rasa ko itace ake nufi ko gona. Ga v, ku ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a gaban madubi. Ga p, ku riƙe 'yar takarda a gaban baki, ku rufe leɓɓa ku sake su, sai takardar ta motsa. Haka nan mukan cusa wasali inda babu shi, "stream" ta koma sitirim.

Aikin hutun bana ke nan ga 'yan aji biyar da shida. A hanyar gida kowa ya rubuta abu uku da ya gani, da sunan garin da yake kusa, ya nemi kalmominsu a ƙamus. A makon farko na sabon zango kowa zai tsaya gaban aji ya yi minti 2 cif, muna riƙe da agogo.