YADDA ZA MU GYARA KARATUN LABARAI A WAYAR HANNU

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Kalambaina da yamma ya san abin da za mu faɗa. Direbobin manyan motoci suna zaune a gindin inuwa suna jiran lodin siminti. Leburori sun tashi aiki. Mai shayi ya hura wuta. Idan ka duba da kyau, za ka ga mutane da yawa sun sunkuyar da kai, kowa da wayarsa a hannu. Wani yana kallon hoto, wani yana sauraron murya. Amma masu karatu a cikinsu kaɗan ne.

Wannan abu yana damun mu. Mutum ya sha wahala ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya koyi baƙaƙe da wasula, har ya iya haɗa kalma. Sai ya sayi babbar waya, ya koma aika saƙon murya kaɗai. Bayan shekara biyu sai karatun ya fara gudu. Karatu kamar fartanya ne, idan an ajiye shi sai ya yi tsatsa.

Laifin ba na mai karatu ba ne shi kaɗai. Ita ma wayar tana da nata. Bari mu duba matsalolin ɗaya bayan ɗaya, da maganin kowace.

DAGA ZARUMA ZUWA WAYA

Iyayenmu ma sun yi irin wannan fama. A shekarar 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Da aka ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci a shekarun 1950, sai aka riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu. Ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma, ta Katsina Himma, ta Kano kuma Sodangi. An yi su ne don wanda ya gama aji ya sami abin karantawa, da Hausa mai sauƙi, a kan abin da ya shafi garinsu.

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001. Yanzu babbar waya ta kai ƙauyuka. Aikin da Zaruma ta yi jiya, waya za ta iya yin sa yau, in an gyara ta.

MATSALA TA FARKO: RUBUTU ƘANANA

Da yawa daga cikin ɗalibanmu manya ne, ido ya fara rauni. Rubutun waya kuwa kamar ƙwayar gero yake. Mutum ya karanta layi biyu, ido ya yi ruwa, sai ya haƙura.

Maganin yana cikin wayar. Nemi wurin saiti. Alamarsa tana kama da farantin sarƙar keke, mai haƙora kewaye. A ciki akwai wurin ƙara girman rubutu. Idan ba ka gane ba, ka sa ɗanka ko malamin ajinku ya nuna maka. Sau ɗaya ake yi, ya zauna. Shi ma WhatsApp yana da nasa wurin, inda za ka zaɓi ƙarami, matsakaici ko babba. Ka zaɓi babba, babu kunya a ciki.

A shafukan labarai da yawa kuma, in ka ɗora yatsu biyu a kan gilashin ka buɗa su, rubutun zai ƙara girma. Da dare ka rage hasken gilashin. Ido zai huta, caji ma zai daɗe.

MATSALA TA BIYU: BAƘAƘE MASU LANƘWASA

A aji an koya mana ɓ da ɗ da ƙ. Amma a waya mutane suna rubutu ba tare da su ba. Wannan yana rikita sabon mai karatu. Baki daban, baƙi daban. Bari daban, ɓari daban. Kasa maciji ce, ƙasa kuwa ita muke nomawa.

Akwai allon rubutu mai suna Gboard, wanda yake cikin wayoyi da yawa. Ana iya ƙara masa harshen Hausa a wurin saiti. In an yi haka, sai ka danna harafin k ka ɗan riƙe, ƙ za ta fito. Haka d da b. Wanda ya fi sabawa da ajami kuma yana iya ƙara baƙaƙen Larabci a allon.

MATSALA TA UKU: KUƊIN DATA

Data kuɗi ce. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Don haka dole a yi tattali.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Bidiyo ne ya fi cin data, sai hoto da murya. Rubutu shi ne mafi araha. Datar da bidiyo ɗaya zai cinye ta isa ka karanta labarai masu yawa. Ke nan mai karatu ya fi mai kallo riba.

Ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa. Sai wanda ka zaɓa. Idan kuma ka shiga cikin garin Sakkwato inda sabis ke da ƙarfi, ka sauke shafin labarin, ko ka ɗauki hoton gilashin. In ka koma gida sai ka karanta a tsanake, ko babu sabis. Kada ka manta, wayoyi da yawa suna da rediyo a ciki. Da ka sa abin kunne za ka kama tashoshin gida kamar Rima Rediyo, ba tare da data ba.

MATSALA TA HUƊU: LABARIN ƘARYA

Wannan ita ce mafi haɗari. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya bazu a wayoyi cikin dare. Aka ce a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Ƙarya ce. Mutane da dama sun kwanta asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu.

Saboda irin wannan ne WhatsApp ya sa alama. Saƙon da aka turo daga wani wuri yana da 'yar kibiya a samansa. Wanda ya yi yawo da yawa yana da kibiya biyu. Tun shekarar 2020, saƙo mai kibiya biyu ba ya turuwa sai wuri ɗaya a lokaci guda. In ka ga kibiya biyu, ka yi hattara.

Kafin ka yarda da labari, ka yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe aka faɗa? An ji shi a wata kafa da aka sani? Akwai kafofi masu suna da adireshi da ke rubutu da Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Rediyon Faransa a 2007. Akwai kuma jaridar Aminiya. Dukansu suna da shafuka a intanet. In babban abu ya faru, za ka same shi a can. Hausawa sun ce jita-jita ba ta da tushe, kuma gani ya kori ji.

ROƘONMU GA MASU YIN WAYA DA MASU LABARAI

Akwai gyaran da ya fi ƙarfinmu. Ga shawarwari biyar.

Na ɗaya, a sa Hausa a cikin saitin kowace waya da ake sayarwa a ƙasar nan. Mutum ya iya karatun Hausa, amma da ya buɗe waya sai Turanci ya tare masa hanya.

Na biyu, a haɗa rubutu da murya. Murya tana karanta labarin, kalmar da ake faɗa tana haskawa. Mai karatu yana bi da ido kamar yadda yake bin sandar malami a allo. Haka waya za ta zama malami.

Na uku, kowane labari ya zo da taƙaitaccensa a sama, layi huɗu ko biyar, da gajerun jimloli. A sa kwanan wata da manyan lambobi, don kada a mayar da tsohon labari sabo.

Na huɗu, a ba mu labarin gida. Manomin fadamar Rima yana son sanin farashin albasa da shinkafa, da yadda dabbobi suka yi a kasuwar Acida ko Illela. Yana son hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye gonaki da gidaje a yankin Goronyo har zuwa Sakkwato, sun san darajar gargaɗi da wuri. Irin wannan saƙo ya zo da Hausa, a rubuce kuma da murya.

Na biyar, a rage tallace-tallacen da ke faɗowa kan rubutu. Suna cin data, suna ɓatar da mai karatu. A sa wa talla alama bayyananna, don kada a ɗauke ta labari.

AIKIN WANNAN WATA

Kafin fitowa ta gaba, kowa ya yi abu uku. Ka ƙara girman rubutun wayarka. Ka karanta labari ɗaya kullum, ko da layi biyar ne, da babbar murya. Sa'an nan ka aika wa ɗan'uwanka saƙo ɗaya a rubuce maimakon murya. Ko an yi kuskure ba komai, da rarrafe yaro kan tashi.

Maigida, idan waya ɗaya ce a gidan, ka ba uwargida ita ma ta karanta. Malaman aji kuma, ku ware ɗan lokaci kowane mako a zo da wayoyi, a karanta labari ɗaya tare, a yi masa tambayoyin nan uku.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.