Karkuzu na Bodara: Dalilin da ya sa suna bai zame wa masu barkwancin talabijin arziki ba

Rasuwar Malam Abdullahi Shu'aibu, wanda aka fi sani da Karkuzu na Bodara, a Jos cikin watan Maris na 2025, yana da shekara fiye da 90, ta sake tayar da wata tsohuwar tambaya: ina amfanin da masu ƙirƙirar wasannin barkwanci na talabijin suka samu daga aikin da ya sa aka san su a ko'ina cikin Arewa?

A shekarar 2023, dattijon, wanda a lokacin ya rasa ganinsa, ya fito ya bayyana cewa ba shi da gidan kansa. Kyaftin ɗin Super Eagles na wancan lokaci, Ahmed Musa, wanda shi ma haifaffen Jos ne, ya saya masa gida. Jama'a sun yaba da wannan karamci, amma tushen matsalar yana cikin yadda aka gina sana'ar tun farko.

Yadda Jos ta zama cibiya

Haƙar kuza ce ta tara ƙabilu daban-daban a Jos tun farkon ƙarni na 20, kuma Hausa ta zama harshen ciniki a tsakaninsu. A unguwanni irin su Laranto, Gangare da Dilimi, mai kunnen basira zai ji Hausar Bakano, da ta Birom, da ta Bayarabe, da ta Ibo a kasuwa guda. Wannan cakuɗa ta harshe da ɗabi'u babban jari ce ga mai barkwanci.

Birnin ya kuma samu kayan aiki da wuri. Gidan talabijin na jihar Binuwai da Filato ne ya fara watsa shirye-shirye masu launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, kafin gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin jihohi a ƙarƙashin NTA a 1977. A 1980 aka buɗe kwalejin horas da ma'aikatan talabijin a Jos, kuma a shekarar ce tashar birnin ta fara shirin Cock Crow at Dawn, wanda Peter Igho ya shirya, bankin UBA ya ɗauki nauyi. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ma hedikwatarta na Jos. A wannan yanayi ne Karkuzu ya yi tashe a shekarun 1980.

Marubucin da rubutunsa ba ya kan takarda

Wasannin Turanci na wancan zamani suna da cikakken rubutu, da sunan marubuci a rubuce. Yawancin wasannin Hausa kuwa ba haka ake yin su ba. Jagoran ƙungiya ne ke zuwa da ƙashin labari: wane ne zai ci bashi, wa zai zo karɓa, a ina asiri zai tonu. Sai a raba wa kowa matsayinsa, a gwada, sannan kowane ɗan wasa ya sa kalmomin bakinsa a gaban kyamara.

Wannan tsari ne ya ba wasannin armashi, domin maganar tana fita kamar yadda ake yin ta a bakin kasuwa. Amma yana nufin cewa mutum ɗaya kan zama shi ne mai ƙago labari, shi ne mai tara 'yan wasa, shi ne tauraro, ba tare da wata takarda da ke tabbatar da ko ɗaya daga cikin ayyukan nan uku ba.

Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Kaduna cikin Nuwamba na 2023 yana da shekara 81, misali ne na irin wannan marubuci. Tsohon soja ne, kuma daga rayuwar bariki ya ciro halayen da ya riƙa kwaikwayo, da Hausar da ke gauraye da Turancin buroka. Ba a makaranta ya koyo wannan ba, kuma babu wanda zai iya rubuta masa shi.

Wa ke da shirin?

A nan ne gizo ke saƙar. Tasha ce ke da kyamara, da ɗakin ɗauka, da kaset, da lokacin watsawa. A bisa dokar haƙƙin mallaka, wanda ya ɗauki nauyin shirya aikin hoto mai motsi shi ake ɗauka a matsayin mai shi, sai dai in an ƙulla yarjejeniya saɓanin haka. 'Yan wasan da ba ma'aikatan tasha ba ana sallamar su ne da kuɗin fitowa. Idan an maimaita shirin sau goma, ba abin da ke ƙaruwa a aljihunsu, kuma ba su da fansho.

Akwai kuma asarar shirye-shiryen kansu. Kaset yana da tsada a wancan lokaci, don haka tashoshi da dama a duniya, har da BBC ta Ingila, sun riƙa goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. Shirin da aka goge ba ya sayuwa, ba ya kuma zama gado ga iyalan mai shi.

Da finafinan bidiyo suka kunno kai, bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwa ta koma hannun furodusoshi da 'yan kasuwar kaset. Taurarin talabijin da dama sun shiga sabuwar masana'antar, amma galibi a matsayin iyaye da dattawan da ake biya ladan fitowa, ba masu mallakar fim ba.

Abin da ya sauya

A watan Maris na 2023 ne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta faɗaɗa kariya ga masu wasa, ta kuma shafi ayyukan da ake yaɗawa ta intanet. Tun 2014 kuma akwai ƙungiyar AVRS, wadda hukuma ta amince ta riƙa karɓo kuɗi daga masu amfani da finafinai tana raba wa masu haƙƙi.

Haka nan, matashin da ke shirya barkwanci da wayar hannu a Jos a yau zai iya mallakar tasharsa a YouTube, abin da Karkuzu da tsararrakinsa ba su taɓa samu ba.

Sai dai doka ba ta ƙwato wa mutum abin da bai ajiye shaidarsa ba. Masu sana'ar na buƙatar rubuta labarinsu ko da a taƙaice ne, su tabbatar sunansu ya fito a matsayin marubuta, su kuma sa hannu kan yarjejeniyar da ta fayyace rabonsu idan aka maimaita shiri ko aka sayar da shi. Tashoshin gwamnati kuma suna da aikin zaƙulo kaset ɗin da suka rage, su mayar da su kan kwamfuta kafin su lalace, sannan su nemi masu wasan da ke raye da magadan waɗanda suka rasu, a zauna kan abin da ya kamace su.