Yadda Sudan ta Kudu ta ari ma'aikata daga maƙwabta

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005, kudancin Sudan ya samu gwamnatin yanki a Juba. Sai dai yaƙin sama da shekara 20 ya riga ya durƙusar da makarantu, kuma kujeru da dama tsofaffin mayaƙa aka saka wa da su. Wanda zai tsara kasafin kuɗi ko ya adana fayil yadda ya kamata ya yi wuyar samu.

A 2011, shekarar 'yancin kai, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, IGAD, ta fito da wata dabara. Habasha da Kenya da Uganda suka aiko da ma'aikatansu kimanin 200, aka haɗa kowanne da ɗan ƙasa su yi aiki tare tsawon shekara biyu: likita da likita, akanta da akanta. Ƙasashen uku suka ci gaba da biyan mutanensu albashi, Norway ta zuba kuɗin tafiyar da shirin, hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kula da shi.

A ganina wannan ya fi taron bita na kwana uku a otal, inda alawus ke jan mutane. Wanda ya saba aiki a ofishin da wuta ke ɗaukewa ya san irin shawarar da za ta yiwu a aikace. Amma inda babu abokin koyo da ya cancanta, baƙon kan ƙare yana yin aikin da kansa. Yaƙin basasa da ya ɓarke a Disambar 2013 kuma ya katse shirin na wani lokaci.